Rage Ƙiba Mai Tsanani da Kalori 800 a Rana: Yadda Ake Bin Tsarin a Hannun Likita

Akwai ƙibar da ta wuce maganar kyan gani ko kaya sun matse. Mutum ya kai ba ya iya sujada sai a kan kujera, gwiwoyi sun gaji da ɗaukarsa, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci har iyali su tsorata, ga sukari ga hawan jini. Wanda ya kai wannan matsayi, shawarar "ka rage tuwo, ka riƙa ɗan tattaki" sau da yawa ba ta isarsa. Domin irinsa likitoci suka tanadi wani tsari mai tsauri: a sauke abin da yake ci a yini zuwa kalori 800 ko ƙasa da haka, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Baligi yakan buƙaci wajen kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, kenan ana maganar kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wannan tsari magani ne. Yana da ranar farawa da ranar gamawa, yana da waɗanda ya dace da su da waɗanda zai iya halakawa, kuma yana taɓa duk wata ƙwaya da mutum yake sha. Shi ya sa kowane mataki a nan ƙasa yake bi ta hannun likita.

Dalilin wannan tsaurin yana cikin tarihi. A shekarun 1970 an yi yayin wani ruwan furotin, wato sinadarin gina jiki, a Amurka, wanda aka haɗa daga fata da jijiyoyin dabbobi, mutane suka riƙa rayuwa a kansa shi kaɗai wata da watanni. Furotin ɗin marar inganci ne, kuma babu isasshen potasiyam da sauran sinadarai a ciki. Daga 1977 rahotannin mace-mace suka fara isa hukumomin lafiya, har an samu waɗanda ba su da wata cuta a baya amma bugun zuciyarsu ya rikice suka rasu. Kayan da asibitoci ke amfani da su yau an gyara su saboda wannan darasi, amma haɗarin yana nan ga duk wanda ya ce zai haɗa nasa a gida.

Mataki na farko: a tabbatar kai ne wanda tsarin ya dace da shi

A fara da lissafi. Ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita, ka ninka tsawon da kansa, sai ka raba nauyin da abin da ya fito. Wannan shi ne ma'aunin BMI. Mai kilo 120 da tsawon mita 1.65 zai samu 44. Daga 30 ake cewa ƙiba, daga 40 kuwa ƙiba mai tsanani, haka ma daga 35 idan akwai wata cuta tare da ita. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sauke ma'aunin ga 'yan asalin Afirka da Asiya, inda ƙiba ke farawa daga 27.5, saboda sukari yakan kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba.

Lamba kaɗai ba ta isa ba. Sai akwai dalilin da ya sa ake son nauyi ya sauka da sauri: tiyatar gwiwa ko ƙugu da aka ɗage saboda nauyi, neman haihuwa, shirin tiyatar rage ciki, wato rage girman tumbin da abinci ke sauka, inda ake son hanta ta motse kafin a shiga, ko ciwon sukari nau'i na biyu da bai daɗe da kamawa ba.

Waɗanda ba a sa su a wannan tsari kuwa: mai juna biyu, mai shayarwa, yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, mai ciwon ƙoda ko hanta da ya yi nisa, mai fama da ciwon daji, mai larurar ƙin cin abinci ko cin abinci ya tayar da amai, da wanda taɓin hankalinsa bai lafa ba. Mai sukari nau'i na ɗaya ba ya shiga sai a hannun ƙwararre na musamman. Mai sikila ma ya faɗa tun a zaman farko, domin ƙarancin ruwa a jiki na tayar masa da ciwo.

Mataki na biyu: zaman farko da gwaje-gwaje

Ba likita ɗaya ake buƙata ba. Aƙalla a samu likita da masanin abinci na asibiti. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, suna da asibitin masu sukari da sashen kula da abinci, kuma nan ne wurin da ya fi dacewa a fara tambaya.

Za a auna nauyi, faɗin ƙugu da hawan jini. Za a ɗebi jini a duba sukari, aikin ƙoda da hanta, potasiyam da sodiyam, kitsen jini, sinadarin yurik da ke jawo ciwon gaɓɓai, da aikin ƙwayar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. A yi gwajin ECG na bugun zuciya. Mace da ke shekarun haihuwa a yi mata gwajin ciki. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Wanda jininsa yake AS ko SS ko AC ya sanar, domin wasu injinan gwajin suna ba da lambar da ba daidai ba a irin wannan jini.

Ka zuba duk maganin da kake sha a leda ka tafi da shi: na asibiti, na kemis, na gargajiya, da man shafawa. Wadda ta taɓa shan ƙwayoyin ƙara jiki da ake kira sha-ka-fashe ta faɗa ba tare da jin kunya ba. Da yawansu suna ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, kuma idan an daɗe a kansa ba a yanke shi rana ɗaya. Wani lokaci a nan ake gano tushen ƙibar ma.

Mataki na uku: gyaran magunguna kafin ranar farko

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi a wurina, kuma shi ne wanda masu sayar da tsarin rage ƙiba a WhatsApp da TikTok ba sa ambata.

Da zarar abinci ya ragu haka, sukarin jini yakan sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin sikeli ya nuna wani canji mai yawa. Idan mutum ya ci gaba da shan maganinsa kamar da, sukarin zai faɗi ƙasa warwas. Waɗanda suka fi haɗari su ne allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da glimepiride da gliclazide. Likita ne zai rage su ko ya dakatar, kuma yawanci daga ranar farko. Akwai kuma dapagliflozin da empagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari. Waɗannan idan suka haɗu da ƙarancin abinci suna iya sa jini ya yi tsami sosai alhali na'urar gwaji tana nuna sukari lafiya lau, mutum yana amai da haki ba a gane dalili ba. Ana dakatar da su kafin a fara.

Hawan jini ma haka yake sauka. Jiki yana zubar da gishiri da ruwa a makon farko, to idan ga ƙwayar sa fitsari irin Lasix ko Moduretic a kai, sai jiri, sai faɗuwa a banɗaki, sai potasiyam ya rikice. Masu shan warfarin ko lithium ko maganin farfaɗiya suna buƙatar a riƙa bibiyarsu da gwaji. Kada ka rage ko ɗaya da kanka, kada kuma ka ci gaba da sha don tsoro bayan likita ya ce a tsaya. Ka nemi a rubuta maka a takarda: wanne aka tsayar, wanne aka rage, kuma wace lamba ce idan ka gani za ka kira.

Mai sukari ya tanadi na'urar gwaji da isassun tsinkenta. Idan ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani ko ruɗewa, ko na'ura ta nuna ƙasa da 3.9, wato 70 a ɗaya ma'aunin, ya sha ƙwayar sukari uku zuwa huɗu nan take, ya sake gwadawa bayan minti 15, ya kira asibiti a ranar. A irin wannan lokaci ba a tunanin ɓata tsari.

Mataki na huɗu: abin da ake ci

A ƙasashen da tsarin ya zauna, ana ba da garin da aka haɗa musamman, a dama shi da ruwa kamar kunu ko a yi shi miya, sau uku ko huɗu a rana, ya maye gurbin abinci gaba ɗaya. Abin da ya bambanta shi da yunwa shi ne abin da ke ciki. Dokar Tarayyar Turai ta ce irin wannan kaya kada ya gaza kalori 600 a rana, kuma ya ƙunshi furotin aƙalla giram 75, tare da bitamin da ma'adinan da jiki ke buƙata. Furotin ɗin ne ke kare tsoka, har da tsokar zuciya, yayin da jiki ke ƙona kitse.

A wurinmu samun wannan gari na da wuya kuma yana da tsada. Idan an samu, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma duba ko an rubuta cewa zai iya maye gurbin abincin yini dukansa, don wasu na maye gurbin ci ɗaya ne kawai. Shayin rage tumbi ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Yawancinsa maganin zawo ne ko na fitsari, kuma an sha gano sibutramine a cikin irin waɗannan kaya, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda illarsa ga zuciya.

Idan garin bai samu ba, masanin abinci na iya tsara shi da abincin gida, kuma aiki ne na awo. Ginshiƙinsa kifi, kaza ba fata, nama marar kitse, ƙwai, awarar da ba a soya ba, da nono marar sukari. A kewaye su da ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo, tumatir. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza yana ba da furotin kusan giram 30, ƙwai ɗaya kuwa giram 6, ka ga kenan kaiwa 75 ba abin wasa ba ne. Mai shi ne inda lissafi ke kuɓucewa: cokali babba ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, ƙuli-ƙulin da ake kwaɗa zogale da shi ma yana da nasa nauyin. Duk da haka ba a cire mai gaba ɗaya, za mu zo kan dalili. Dole a haɗa da ƙwayar bitamin da ma'adinai da likita ya rubuta. A ganina, inda babu garin da aka haɗa kuma babu masanin abinci a kusa, gara a tsaya a kalori 1,000 zuwa 1,200. Saurin ya ragu, amma haɗarin ya fi raguwa.

Ruwa aƙalla lita biyu zuwa biyu da rabi a rana, wato ledar ruwan fiya-wata guda huɗu zuwa biyar, fiye da haka a lokacin zafi. Shayi ba sukari ya halatta. Lemon kwalba, zoɓo mai sukari, kunun aya da fura duk a ajiye su.

Lokacin farawa ma zaɓarsa ake yi. Kada a fara a watan azumi, domin tsarin yana buƙatar shan ruwa a tsawon yini da rarraba abinci. Azumin nafila ma a tattauna da likita kafin a haɗa. Tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, ba lokaci ne mai kyau ba ga mai aiki a rana.

Mataki na biyar: makonnin farko da abin da jiki zai yi

Kwana uku zuwa biyar na farko su ne masu wuya: yunwa, ciwon kai, kasala, saurin fushi. Jiki yana cinye sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Shi ya sa sikeli ke sauka da sauri a makon farko. Yawanci ruwa ne. Bayan haka jiki ya koma ƙona kitse, yunwar ta lafa ga mafi yawan mutane, baki ya ɗan yi wari. Daga nan raguwar takan tsaya tsakanin kilo ɗaya zuwa biyu a mako, maza sun fi mata sauri.

Bushewar ciki tana damun mutane da yawa. Ruwa, ganye da maganin da likita ya ba da suna warware ta. Akwai jin sanyi, bushewar fata, ɗaurewar tsoka, da jiri idan an miƙe da sauri, don haka a tashi daga sujada ko shimfiɗa a hankali. Gashi kan zube bayan wata biyu zuwa huɗu, kuma yana dawowa. Mai ciwon gaɓɓai na yurik ciwonsa na iya tashi.

Tsakuwar matsarmama ita ce illar da ta fi buƙatar a san da ita. Idan nauyi na sauka da sauri, hanta na zuba kitse mai yawa cikin ruwan ɗaci, ita kuma matsarmama ba ta matsewa ta zubar da shi sai abinci mai mai ya shiga hanji. Ruwan ya kwanta, tsakuwa ta haɗu. Wannan ne dalilin barin ɗan mai, wajen giram 7 zuwa 10, a cikin abincin yini, kuma wani lokaci likita kan ƙara maganin ursodeoxycholic acid don rigakafi.

A tafi asibiti nan take idan aka ji bugun zuciya ya rikice, ciwon ƙirji, suma, amai da ya ƙi tsayawa, ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, ko idanu sun yi rawaya. Zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ma dalili ne na dakatawa a kira likita, domin jikin da ke kan kalori 800 ba shi da rarar da zai jure rashin ruwa.

Ana komawa asibiti duk mako ko duk mako biyu: nauyi, hawan jini, sukari, da gwajin jini lokaci-lokaci. Motsa jiki a wannan zango tattaki ne da ɗan abin da zai riƙe tsoka, ba gudu a rana ba. Ke kuma 'yar'uwa, raguwar nauyi na iya dawo da haihuwar da ta daɗe ba ta zo ba, tun kafin al'ada ta daidaita. Ki tattauna tazarar haihuwa da likita na tsawon tsarin, kuma idan ciki ya shiga a tsaya a ranar.

Ƙa'idar NICE ita ce kada a wuce mako 12 a kan ƙasa da kalori 800.

Me ake samu?

Binciken da ya fi shahara shi ne DiRECT, wanda Farfesa Mike Lean na Glasgow da Farfesa Roy Taylor na Newcastle suka jagoranta, aka buga a mujallar Lancet a ƙarshen 2017. An ɗauki masu sukari nau'i na biyu da bai wuce shekara shida da ganowa ba kuma ba sa allurar insulin, aka sa rabinsu a kan kalori 825 zuwa 853 na wata uku zuwa biyar. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Bayanin Taylor shi ne kitsen da ya taru a hanta da fankiriyas, sashen da ke samar da insulin, shi ne ke narkewa, sai sassan su farfaɗo. A Ƙatar an yi makamancinsa mai suna DIADEM-I, aka buga a 2020, a kan mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka masu ƙarancin shekaru da sabon ciwo, aka samu kashi 61.

Amma a shekara ta biyu ta DiRECT kashi 46 ɗin nan ya sauka zuwa 36, kuma waɗanda nauyinsu ya dawo su ne sukarinsu ya dawo. Lafawa ce, ba warkewa ba, don haka gwajin ido, ƙoda da ƙafa na shekara-shekara yana nan daram.

Mataki na shida: komawa abinci

A nan aka fi yin asara. Mutum ya yi mako 12 yana haƙuri, ranar da ya gama aka yi masa shinkafa da miya da soyayyen nama don murna. Cikin da ya saba da kaɗan zai wahala, sukari ya yi tsalle, matsarmama ta matse da ƙarfi a kan tsakuwar da wataƙila ta haɗu.

Ana komawa ne cikin mako biyu zuwa takwas. A fara da mayar da ci ɗaya a rana, a yi mako ɗaya ko biyu a haka, sannan na biyu, sannan na uku. Rabin faranti ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko wake, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko doya. Malmala ɗaya ƙarama, kamar dunƙulen hannun mai ci. Sikeli zai ƙaru da kilo ɗaya ko biyu a makonnin nan saboda ajiyar sukari da ruwanta sun dawo. Ba kitse ba ne, kada hankali ya tashi. Likita zai sake duba hawan jini da sukari ya ga ko akwai maganin da za a mayar.

A gidan da ake ci a kwano ɗaya, a zuba naka daban. Tun kafin a fara tsarin ya kamata a zauna da mai girki da maigida ko uwargida a yi musu bayani, domin a cikin mutanenmu rama alama ce ta ciwo ko damuwa, kuma za a yi ta tambaya, "Lafiya kuwa? Duk ka zube." Wani ma zai kawo abinci don tausayi. Amsa ɗaya ta isa: likita ne ya ɗora ni a kai. A wurin biki ko suna, a ci abin da aka saba a gida kafin a fita.

Mataki na bakwai: riƙe abin da aka samu

Jiki ba ya son ramar da ya yi. A 2011 masu bincike a Melbon ta Ostireliya suka buga sakamakon bibiyar mutanen da suka yi mako 10 a irin wannan tsari: bayan shekara guda, sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da, masu sa a ji ƙoshi kuma suna ƙasa. Ga shi jikin da ya ragu yana ƙona kalori kaɗan fiye da da. Wanda yunwa ta dame shi bayan tsarin ba raggo ba ne, kuma sanin haka yana hana shi ɓuya daga asibiti don kunya.

A auna nauyi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, a rubuta. A ci gaba da ganin masanin abinci duk wata har shekara. Motsa jiki yanzu ne yake da babban aiki: a fara da minti 150 a mako, a kai shi wajen 300 a hankali, bayan Asuba ko bayan La'asar lokacin da rana ta yi sanyi. A kuma yi yarjejeniya da likita tun yanzu a kan layin da ba za a bari a tsallake ba. A DiRECT, duk wanda ya ƙara fiye da kilo 2 akan ba shi ɗan gajeren zango na maye gurbin wasu abincin, idan ya wuce kilo 4 a mayar da shi cikakken tsarin na 'yan makonni.

Idan nauyin ya ci gaba da dawowa duk da wannan, a zauna da likita a duba sauran hanyoyi: allurai irin su semaglutide da liraglutide, ko tiyatar rage ciki ga wanda BMI ɗinsa ya kai 40, ko 35 tare da sukari ko wata larura. A tafi wannan zama da takardar awon mako-mako da sakamakon gwaje-gwajen farko, domin a kansu likita zai yanke shawara.